Yadda Na Ɗauko Tokar Laraba Daga Dutse

Litinin: Daga Gida Zuwa Aujara

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito, buhu a kai, casbina a wuya. A cikin buhun busasshen ganyen dabino ne, wanda aka sa wa albarka bara ranar Lahadin Dabino, muka soke a rufin ɗakunanmu. Gida-gida na bi na karɓo. Shi ake ƙonawa a sami tokar da ake shafa mana a goshi ranar Larabar Toka, farkon azuminmu na Katolika.

Katikis ɗinmu mai koyar da mu addini, Malam Bitrus, shi ya saba wannan tafiya, amma bana yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin hanya balle rubutu. Fada kuma, limaminmu na coci da ke Dutse, shi kaɗai ne, ƙauyuka sun yi masa yawa. Baba Dauda, dattijon cocinmu, ya ce bana sai haƙuri, babu mai ɗauko toka, babu mai karatu. Na ce ni zan je, ni zan karanta. Ya tambaya ko wadda ta fara riƙe fensir tana da jikoki ce za ta tsaya gaban jama'a. Na ce, "Baba, jikokin ba su hana ni gane baƙi ba. Kai dai ka tanadi goshinka."

Minti arba'in na yi a kan acaɓa saboda rairayi. A tashar Aujara na sha koko, mota ta cika bakwai da rabi. Direban, Malam Sani, ya so ya ɗaure buhuna a baya tare da awaki, na ƙi, na rungume abina. Da ya leƙa ciki sai ya kwashe da dariya. "Iya, garin dabino za ki kai wa ganyen dabino?" Na ce kayan ibada ne. Da ya ga na fara jan casbi ya rage rediyo.

A gaban Baba Dauda baki na yi, amma a motar nan addu'a na kama yi. Shekara talatin ina addu'a da ka kafin in san harafi ɗaya. Ban roƙi Uwa Maryamu iya magana ba. Cewa na yi ta riƙe mini gwiwa.

Talata: Limawa

Tara da kwata muka shiga Dutse jiya, na sauka a Limawa gidan ƙanwata Hajiya Talatu. Ita Musulma ce, ciki ɗaya muka fito. Ta cika ni da dambu da zogale, tunda ta ji azumi na tafe.

Da safe ina fitowa na iske ta tsugune gaban murhu, ta ɗebo ganyen daga buhu tana hura wuta. Ban san lokacin da na sa hannu na fizgo ba, har yatsu biyu suka tashi. Ta ce, "Haba Yaya, ba ke kika ce ƙonawa za a yi ba?" Na ce ƙonawa akwai inda ake yi, ba ƙarƙashin tukunyar kokonta ba. Ta yi ta ba ni haƙuri, ta shafa mini zuma a yatsun, sannan ta wanke gwangwanin madara mai murfi ta ce in zubo tokar a ciki.

Sha ɗaya na isa coci. Fada sa'an ɗana na biyu ne, amma bai saki jiki da ni ba. Ya ce toka ba wuya, karatun ranar ne abin duba. Ya buɗe littafi ya tura gabana. Na ɗora yatsan da ya ƙone a ƙarƙashin layi, na kama. Sau ɗaya na yi tuntuɓe, na koma baya na gyara da kaina. Da na kai ƙarshe ya ce, "Mama, a hankali kike tafiya, amma ko kalma ba ki tsallake ba." Ya koya mini abin da ake faɗa wa kowa lokacin shafawa. Da la'asar aka haɗa ganyenmu da na sauran ƙauyuka aka ƙona a tsohon daro, aka tankaɗe.

Laraba: Komawa

Shida na safe aka yi Mas, babbar ibadarmu. Fada ya sa wa tokar albarka, ya zana mini gicciye a goshi, ya cika gwangwanina. Na ɗaure shi a bakin zane. A tasha Malam Sani na sake samu.

Mun bar gari kaɗan aka tsayar da mu a shinge. Wani ɗan sanda ya sa na kwance ƙullin, ya buɗe, ya ga baƙin gari, ya tambaya ko albarushi ne. Ya karkata gwangwanin kamar zai zubar ya gani. Na riƙe masa hannu. Na ce, "Ɗana, dube ni nan. Ga irinsa a goshina. In albarushi ne, da kaina ya tashi tun safe." Malam Sani ya leƙo ya ce shi ya kawo ni da ganyen shekaranjiya, kayan ibadata ne. Ɗan sandan ya rufe da kansa, ya ce in sa shi a addu'a. Na sa shi, tun kafin mota ta ɗaga.

Ɗaya da rabi na shiga gida, ban kai komai bakina ba sai ruwa. Ƙarfe huɗu aka buga ƙarfen coci. Na tsaya na karanta, gwiwata ba ta motsa ba. Malam Bitrus yana gaba, leɓensa na bin nawa. Da na buɗe gwangwani, wanda ya fara tasowa Baba Dauda ne. Ya cire hula, ya sunkuyo. Na dangwala babban yatsa na zana masa, na gaya masa daga ƙasa ya fito, ƙasa zai koma. Kafin ya juya ya ce a hankali, "Baɗi ma ke za ki je."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Talatu mai gwangwani, da Malam Sani, da malamar yaƙi da jahilci da ta sha faɗana shekara uku ba ta kore ni ba.