Ciwon Hannun da Ba Ya Ji

Assalamu alaikum. Shekara biyu da 'yan watanni rabona da rubuta komai a nan. Masu tambaya ko ina raye, ina raye. Da hannun hagu nake buga wannan, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Waɗanda suka san ni sun san aikin babbar riga nake yi a zauren gidanmu a Madabo, allura da zare. Wata Talata na hau babur zan kai wa mai kaya rigarsa, mota ta kwashe ni wajen Ƙofar Kabuga. Na faɗi a kan kafaɗar dama. Ko ƙashi ɗaya bai karye ba, amma da na tashi hannun lilo kawai yake yi.

Aka kai ni wurin mai ɗori, ya ce gocewa ce. Ya ja, ya murza, ya ɗaure. Sati shida muka ɓata a wurinsa. Sai da aka yi hoton MRI a asibiti likita ya ce jijiyoyin hannun sun tsinke tun daga tushensu, a jikin laka, cikin wuya.

Mutuwar hannun na karɓa. Ciwon ne ya fi ƙarfina. Ka soka min allura a tafin hannun ba zan ji ba, amma cikinsa kamar an tsoma shi a tafasasshen mai. Bayan 'yan mintoci kuma sai wani abu ya fizge ni kamar lantarki, har cokali ya kuɓuce daga ɗaya hannun.

To je ka yi wa mutanen unguwa bayani. Hannun da ba ya ji, ta ina zai yi ciwo?

Na sha rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi. Daga baya likita ya rubuta min magani uku, biyu na jijiya, ɗaya tiramol. Sun rage zafin kaɗan, amma suna sa ni layi, harshena ya yi nauyi, in yi gyangyaɗi a sahu. In na miƙa takarda a kemis, mai shagon ya dube ta, ya dube ni, ya ce babu. Kafin wata biyu majalisar unguwa ta gama yanke hukunci: Habibu ya zama ɗan ƙwaya, ranar haɗarin ma wai a buge yake.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni, Baba ya yarda da su.

Mahaifina malami ne, bai taɓa ɗaga min murya ba. Ya kira ni zaure, ya ce in kawo ledar magungunan. Ya juye su a kwata ina kallo, ya ce: "Rashin hannu jarrabawa ce, Habibu. Wannan kuwa kai ka ɗora wa kanka."

Na ce likita ne ya rubuta. Ya ce shi ma ya ji yadda ake sayen takarda.

Kwana tara na yi ba magani, ba zan iya kwatanta su ba. Rana ta goma na je asibiti na roƙi a yanke hannun. Aka tura ni wurin wata likita mai duba masu daɗaɗɗen ciwo. Ta ce: "Ko mun yanke ba zai daina ba, Malam. Ciwon ba a hannun yake ba, a inda jijiyar ta tsinke yake."

Ita ce ta farko da ba ta yi min kallon maƙaryaci ba. Na yi kuka a gabanta, ban ji kunya ba. Ta ce in zo da Baba ta yi masa bayani. Da na gaya masa, ya ce ba shi da abin ji a wurin masu ba ni ƙwaya.

Ta mayar da ni kan magani a hankali, matata Zainab tana ɓoye shi cikin kwanukanta. Muka yi gashin ƙashi don kada kafaɗar ta sandare. Aka yi min allura a wuya sau biyu, kowacce sauƙin kwana uku ta ba ni. A ƙarshe aka tura ni wani asibiti a wajen Kano don tiyata a laka, a ƙona wurin da ke aiko da ciwon. Ba su ɓoye min ba: ba kowa take yi wa ba, kuma ƙafa na iya yin rauni. Filin da Zainab ta gada ne ya tafi a kai.

Fizgar nan ta tafi. Zafin yana nan, amma wanda za a iya zama da shi. Hannun bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba. Likita ta yi ta rage min magani har ya saura ƙwaya ɗaya.

Na gode wa Allah. Na gode wa Zainab da wannan likita, ba ni da abin biyansu.

In hannu ya saki bayan haɗari, ku nufi asibiti a ranar, kada a ja shi. Kada ku sayi maganin nan da kanku, kada kuma ku yanke shi rana ɗaya, ku bar likita ya rage. Iyaye, don Allah ku bi mara lafiyarku asibiti ko sau ɗaya ne, ku ji da kunnenku.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, zaurenmu cike da mutane, Baba ya riƙo hannuna na hagu ya ce: "Ku taya ni godiya. Habibu ya shiryu, ya daina."

Kowa ya ce alhamdulillahi.

Shekararsa saba'in da takwas, kuma rabon da in ga murna a fuskarsa irin ta ranar har na manta. Na durƙusa na ce na gode, Baba.