Kawu Sule da jakinsa sun raba magani

Likita na kwance bandejin, wari ya cika ɗakin. Hannun Kawu Sule ya kumbura suntum a inda jakinsa ya cije shi a yatsa. Karo na biyu ke nan ina kawo shi asibitin Batsari a mashin daga Darini.

"Baba, kana shan kafson da na rubuta maka kuwa?" in ji likita.

"Muna sha, ɗana. Ni na safe, shi na dare."

"Shi wa?"

"Jakin mana! Ba kai ka ce daga bakinsa ƙwayoyin cutar suka fito ba? A dusa nake zuba masa, a kashe su tun daga gida."

Likita ya dafe kai. Ya ce rabin magani ba ya kashe ƙwayar cuta, taurin kai yake koya mata. Yanzu sai an gwada mugunyar, a gano maganin da zai ci ta, in ba haka ba yatsa zai tafi.

Kawu ya ce, "To shi a dakatar da nasa?"

Jaki dai yana gida garau. Jama'a, a sa Kawu a addu'a. Ku ma kuna da irinsa a gida?