Hayaƙin Totuwa

Hayaƙi na fara gani, fari fat, yana tashi ta bayan katangar maƙwabtanmu a Sandamu. Na ajiye littafin soyayyar da ke cinyata, na leƙa ta tsagar katanga. Saurayin da nake so ne, ɗan gidan, wanda noman gonarsu ya dawo wuyansa tun rasuwar mahaifinsa.

Lokacin an fara shari'ar Musulunci, zance ya koma zaure, da rana, Kaka na zaune kusa. Babana ya riga ya faɗa masa, in damina mai zuwa ta yi masa kyau, ya turo manya.

A shekarar nan ruwa ya ƙi ɗaukewa bayan an karya masara. Babu ranar shanya, masara ta fara fumfuna. Sai ya ɗora tsohon kwanon rufi a kan duwatsu, ya hura totuwa da kara a ƙarƙashi, ya baza masarar yana juyawa. Ido ya yi ja, gumi na zuba. Ni kuwa gani nake duk jaruman littattafaina ba wanda ya kama ƙafarsa.

Kaka ta shiga gidan ɗiban garwashi, na jiyo ta tana masa wasan jika.

"Angona, ina irin? Ban gan shi a bishiya ba."

A garinmu masarar iri ba ta kusantar wuta. Da ɓawonta ake ɗaure ta, a rataye a reshe.

"Yana cikin wadda nake gasawa, amarya. Ruwa ya jiƙa shi, har ya fara baƙi."

"Kai! Gasa shi ka yi kamar na ci?"

"Sama-sama ne."

Ta ɗebi garwashinta, ta ce, "Allah ya sa."

Da ruwan shuka ya sauka, ya shuka. Gonakin mutane suka yi kore, tasa tsiro ɗai-ɗai. Kafin ya samo wani irin ya sake, damina ta yi nisa. Ba ni da komai sai addu'a da littattafai, su kuma babu wanda masara ta hana aure a cikinsu. Babana bai kore shi ba. Shi ne ya daina zuwa zaure.

Bayan shekaru, ina cikin mota da 'ya'yana a garin Kongolam na bakin iyaka, na hango shi a kan babur yana jiran fasinja, furfura ta fito masa a gemu. Gonar, an ce baffansa ke nomawa. Bai gan ni ba, motar ta wuce.