Harawar Da Muka Kai Ruga

Shekarun baya, lokacin ina da sauran haƙoran gaba, rikici ya tashi tsakanin ƙauyenmu na ƙasar Roni da Fulanin rugar bayan gari. 'Yata ce ke rubuta mini wannan, don ni ko bihim ban sani ba a boko. Baki kuwa Allah Ya ba ni, kuma shi ya jawo abin da za ku ji.

Shanu ne suka shiga gonar gyaɗarmu ana saura kwanaki kaɗan a cire ta. Washegari aka tsinci karsanar Arɗo an sassare mata ƙafafu. Maza suka hau wasa gatura, Fulani suka daina shigowa gari, kowa na tambayar wanda ya yi.

Ɗana ne ya yi. Matar Arɗo kuwa, ƙawata da ta daɗe tana kawo mini nono ina ba ta gero, ta gan shi da idonta. Ranar kasuwar Gwiwa ta ja ni bayan rumfar masu ƙorai.

"Ƙawa, na ga wanda ya sari karsana."

Na riƙo hannunta, ta ci gaba da magana.

"Ban gaya wa maigida ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ke dai ki nemo yadda za a kashe wutar nan."

Sai na bi matan ƙauyenmu gida gida. Na ce kowace ta ɗauko damin harawa guda mu kai ruga, har gidan da ba shi da ko kaza. Dabarar ita ce, in kowa ya kai, ba wanda zai nuna gida ɗaya ya ce ga masu biyan laifi. Muka jeru da dammuna a ka. Arɗo ya dubi dammunan, sannan ya ce, "Ya isa. Allah Ya kiyaye gaba." Shi ke nan, aka zauna lafiya har shekara bakwai.

Sai ga wani malami daga jami'a, da 'yar na'urarsa ta ɗaukar magana, wai yana bincike kan yadda ƙauyuka ke sasanta rikici. Yaro mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni.

"Iya, maza sun ce kwamitin dattawa ne ya yi sulhun."

Na kwashe da dariya. "Wane kwamiti? Waɗannan da ko zakaru biyu ba sa iya rabawa? Gyara zama, ɗan nan, ka ji daga bakin mai aikin."

Kun san ni da labari in na sami mai saurare. Na zuba masa komai, har maganar bayan rumfar ƙorai. Da na farga na ce, "Wannan fa tsakaninmu ne." Ya ce, "Iya, ko suna ɗaya ba zan sa ba."

Kuma bai sa ba. Bayan damina ya dawo da littafinsa, ya tara mu a filin makaranta, manoma da Fulani, ya ce zai karanta mana da Hausa don mu ma mu amfana. Sai na ji yana cewa wata mai tallan nono, matar shugaban makiyaya, ta ga mai laifi ta ɓoye wa mijinta. Jama'a, ruga ɗaya ce, Arɗo ɗaya, matarsa ɗaya! Kowa ya waiwaya ya dube ta. Shi kuwa malam ya ci gaba, wai darasin shi ne sulhu ba ya ɗorewa sai an baje gaskiya a gaban kowa.

Da aka watse na tare shi. "Malam, haka muka yi da kai?"

"Iya, ai ban ambaci kowa ba. Ƙa'idar bincike na bi."

Ba a yi faɗa ba. Amma Arɗo ya kasa haɗa ido da mutanensa, tunda an ji a cikin gidansa aka rufe masa ido. Ana gama girbi suka tayar da ruga, suka nufi Babura, suka tsallake iyaka. Ranar tafiyarsu ƙawata ta zo, ta ajiye mini ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa.

"Ƙawa, shekara bakwai na riƙe ɗanki a bakina. Ke yini ɗaya kin kasa riƙe ni."

Ban sake ganinta ba.

An ce littafin ya sami yabo, har ana koyar da ɗalibai da shi. Ni dai abin da na sani, abin da ya ce shi ke ɗorar da sulhu, shi ya kashe namu. Ya ƙirga dammunan harawa, ya zana hanyar ruga, amma bai tambayi kansa me ya sa kowane gida ya kai ba. Rufin asiri ne ya riƙe mu, kuma ba a rubuta shi ya tsira.

Sai dai ba na ɗora masa duka. Shi tambaya ya yi, ni ce na so a san aikina. To, an sani. Ƙwaryar tana nan rataye a ɗakina, ta tsage, na ɗinke ta. Har yau ban iya shan fura a cikinta ba.