Fim Ɗin 'Yar Yaya

Ko tsufa zai sa in manta abin da na ci da safe, ba zan manta ranar da aka haska fim ɗin 'yar Yaya a Haɗejiya ba. Na ce 'yar Yaya don haka bakina ya saba, amma ni na haife ta. Ita ce 'yata ta fari. Mu asalinmu Fulani ne, ko da yake shanun sun daɗe da ƙarewa, mun koma noman shinkafa a wani ƙauye wajen Baturiya. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Ana yaye ta, yayata da ke koyarwa a cikin gari, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya ta ta tafi da ita riƙo. Me zan ce? A yi ta yawo da ni a dangi ana cewa ba ni da kunya?

Yarinya ta tashi tana ce wa Yaya Umma, ni kuma Anti. Anti fa, jama'a! Duk lokacin da ta faɗa sai in ji zuciyata ta yi ƙuna, amma in murmusa in ce, "Ke, an zo lafiya?" Abu ɗaya nake da shi wanda Yaya ba ta da shi, shi ne tatsuniya. Yaya ko labarin gobara ta ba ka sai ka yi hamma. Idan an kawo yarinyar hutu, bayan an ci tuwo nakan tara yaran gida in yi kamar ƙannenta nake ba wa, alhali kunnenta nake nema. Wadda ta fi so ita ce ta wata fatalwa da ke zaune cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye mana bakin kogi. Idan ruwa ya cika sai fatalwar ta kwaikwayi muryar uwa, ta kira yaro da sunansa. Wanda ya amsa, ya tafi ke nan.

Da yarinyar ta gama sakandare, ita da ƙawayenta da wasu samari suka ari kyamara suka yi fim na ban tsoro. Ita ta tsara labarin, ita ta fito a jaruma. Yaya ta buga mini waya tana rawar murya, wai "Ki zo ranar Asabar, 'yata ta yi fim." 'Yata! Na haɗiye. Damina ce, ruwa ya yanke mana hanya, sai da na shiga kwalekwale sannan na hau mota.

A ɗakin taron wata makaranta aka yi, bayan azahar. An toshe tagogi da tabarmi, janareta na ta ruri a waje. Yaya na layin gaba ta kafa ɗaurin ɗankwali kamar ita ce uwar amarya, ni kuwa na raɓe can baya cikin mata. Ba a yi nisa ba na gane kayana. Tatsuniyata ce tsaf, har da yadda nake jan murya in zan kwaikwayi fatalwar. 'Yan makaranta ne suka je hutu ƙauye, fatalwar ta dinga kiransu ɗaya bayan ɗaya da muryar iyayensu mata, suna amsawa suna shigewa cikin kacala. 'Yan mata sai ihu suke a ɗakin, wani yaro ya shige ƙarƙashin benci. A ƙarshe saura jarumar ita kaɗai. Murya ta taso daga cikin ciyawa, mai taushi, ta kira sunanta. Jarumar ta tsaya cak, ta ce, "Wannan ba uwata ba ce," ta juya ta koma gida. Fim ya ƙare a nan. A tawa tatsuniyar babu wanda ke tsira, yarinyar ce ta ƙara wannan.

Ana cire tabarmi mata suka yi ca a kan Yaya. Wannan ta rungume ta, waccan ta yi guɗa. "Malama, 'yarki ta fitar da ke kunya!" "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!" Barewa? Yaya? Wallahi na ji kishi har ɗaci-ɗaci nake ji a bakina. Ni na yi naƙuda, ni na ba da tatsuniya, ga wata tana karɓar barka. Matar da ke kusa da ni ta taɓo ni ta ce, "Baiwar Allah, kin san uwar yarinyar?" Na nuna mata Yaya da baki. Da hannuna ba zan iya ba.

Sai wani malami ya ɗauki lasifika ya ce kowa ya faɗi ra'ayinsa. Nan aka buɗe kasuwa. Wani saurayi ya ce fim ya yi, amma jinin da aka zuba zoɓo ne, har ya hango ganyen. Wata malama 'yar kudancin Kaduna ta ce ita rabin fim ɗin ido rufe ta kalle shi, kuma ta fasa zuwa sayen kifi bakin kogi. Wani dattijo ya ce shi abin da ya dame shi tatsuniya da rana tsaka, a zamaninsu ba a yi. Duk wanda ya miƙe kuwa sai ya rufe da jinjina wa Malama, wato Yaya, da ta yi tarbiyya, ni ina zaune ina ƙirga yatsun ƙafata.

Can wani ɗan jami'a mai tabarau ya tashi ya ce ƙarshen fim ɗin shirme ne. "Murya ta uwarta ce sak, mun ji. To ta yaya ta gane? Ba a nuna mana dalili ba. An dai ga dama an bar jaruma da rai." Samari suka ɗauka, "Gaskiya ne! An yi mana wayo!" Wasu suka ce layar da ke wuyanta ce, wasu suka ce ai babu wata laya. Gardama ta kaure. Ni kaina ban gane ba, don hankalina na kan ɗankwalin Yaya.

Wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi, wadda ta rako jikanta, ta miƙe ba tare da ta nemi lasifika ba. Ta ce, "Kai ɗan nan, bokon ne ya toshe maka kai? Yarinyar 'yar fari ce. Uwar da ta haifi 'yar fari ta taɓa kiran sunanta? Fatalwa ta iya murya, amma ba ta san kunya ba. Tana kiran suna ta tona wa kanta asiri."

Malamin ya miƙa wa yarinyar lasifika ya ce, "Haka ne?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Iya ta faɗa daidai." Ba ta kalli inda nake ba, ita ma ta san kunya. Yaya tana kiran sunan yarinyar nan safe da yamma, har maƙwabta sun haddace. Mutum ɗaya ce a duniya ba ta taɓa kiransa ba. Na ja mayafi na rufe fuskata, na bar matar da ke kusa da ni tana zaton tsoron fatalwa ne bai sake ni ba.

Da muka fito Yaya ta kamo hannuna, idonta ya yi ja. Ta ce, "Ke dai kin iya shiru-shiru. Ni na yi ta fama da ƙyanda da kuɗin makaranta, ashe ke aka yi wa fim." Na ce, "Haba Yaya, 'yarki ce fa." Ta ce, "Rufe mini baki." Muka yi dariya, amma kowacce ta san ta ciki na ciki.

Kada ku zaci kishin ya tafi. Yarinyar ta riƙo mini jaka har tasha. Yaya ta ƙwala mata kira daga tsallaken titi, ta amsa, "Na'am Umma!" ta ruga. Na ji zafin nan kamar kullum, kuma har yau da take ɗakin mijinta ina jin sa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mai kishi abin da ke hannun wani kawai yake gani. Na shafe shekaru ina kallon rabon Yaya ina cizon yatsa, ashe ita ma tana kallon nawa. Kuma ɗa ba ya ɓata wa uwarsa don ta yi shiru. Ni ina ganin na yi asarar 'ya saboda ban taɓa kiranta ba, ita kuwa da wannan ta san ni ce uwarta.