Tukunyata Ta Koma Madambaci

Na dawo daga ofis, ƙamshin dambu ya tare ni a ƙofa. Ina leƙa kicin, sai ga tukunyar da na rungumo tun daga Damagaram har Karu tana tururi!

Duk garin da na je sai na sayo tukunyar ƙasa na jera a falo. Wannan na fi ji da ita. Goggona da ta zo ganin likita ta huhhuda gindinta da ƙusa.

Na ce, "Haba Goggo, ta ado ce fa!"

Ta ce, "Ado? Don a zauna ana kallonta maginiya ta sha hayaƙi? Ke, miƙo faranti."

Abin haushin, har ƙari na yi.

Jama'a, saura takwas a falo, kuma Goggo sai bayan sati biyu za ta koma gida. Ina zan ɓoye su?