A Bakin Mai Gato Na Ji

Katanga ɗaya ce ta raba gidan iyayena da na iyayen aminiyata a Birni. Tare muka shiga lakwal, makarantar boko, tare muka gama. Ta riga ni aure, amma ciki sai ya zo mana kusan lokaci guda, nata na biyu, nawa na fari bayan doguwar jira. Ni malamar makaranta ce. Ita kuwa a wani biro, wato ofis, take aiki, aikin kuma yakan kai ta Yamai jifa-jifa. Daga can ta kwaso maganar.

Wata Asabar ta shigo gidana, ko mayafi ba ta sauke ba ta miƙo mini salula, wayarta ta hannu. Bidiyo ne. Wata mai ciki cikin farar riga, mata sun kewaye ta, ta ɗora wuƙa a kan gato, kek ɗin nan na biki, ta yanka, cikinsa ya fito shuɗi, wuri ya ɗauki guɗa.

"Namiji ke nan," in ji ta. "Da ruwan hoda ya fito, mace ce. Ita kanta uwar ba ta sani ba sai da wuƙa ta shiga. Daga nan kowa ya miƙa mata kayan jariri. Ƙawa, mu ma sai mun yi wannan biki. Fet ɗaya, gato biyu."

Na ce mata wannan ba irin namu ba ne. A gidanmu ko kalmar ciki ba a furtawa gaban manya. Ta yi dariya ta ce duniya ta wuce nan, ni kaɗai aka bari a baya da alli a hannu. Gaskiya kuma abin ya shiga raina. Na daɗe ina zuwa sunan 'ya'yan mutane, ina zama a gefen tabarma, ina jin ana cewa Allah ya kawo naki. Na so a ce sau ɗaya ni ce a tsakiya.

Inna, mahaifiyata, 'yar Tirmini ce, aure ya kawo ta gari. Da na gaya mata, tana tsince gero, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Abin da Allah ya lulluɓe, ke ce za ki tara jama'a ki yaye?"

Na ce, "Inna, murna ce kawai."

"A jira ya sauka lafiya a yi murnar." Ta ci gaba da aikin geronta.

Dabarar aminiyata ita ce mu yi musayar sirri. Mu je eko tare, hoton nan da ake duba ciki da shi, likita ta gaya mata nawa, ni kuma ta gaya mini nata. Kowacce ta riƙe na 'yar'uwarta, ba mai ji sai mai gato. Likitar ta yi ta dariya da muka yi mata bayani, amma ta yarda. Ni na fara kwanciya. Ta juyar da allon na'urar don kada in gani, ta duba, ta jawo kunnen aminiyata ta raɗa mata. Na zuba wa fuskarta ido ko zan tsinci wani abu, ta rufe da mayafi tana ƙyalƙyala dariya. Da aka zo kanta, likita ta raɗa mini: mace ce.

A hanyar komawa muka sayi rake muna sha kamar yara. Ta ce in rantse ko mijina ba zan gaya wa ba. Na rantse. Ita ma ta rantse.

Shiri ya kankama. Ta buɗe gurup a Watsap ta zuba ƙawayenmu da matan bironsu. Aka tsayar da tsakar gidan mijinta, don ta fi tawa faɗi. Aka fitar da atamfar anko mai zanen shuɗi da ruwan hoda a haɗe, aka yi ta gardama kan masa za a yi ko shinkafa. Ita ta samo mai gato, wata mata da ke yi a gidanta a bayan kasuwa, ta je ta kai mata nawa sirrin tun da wuri. Ni kuwa jarrabawar yara ta riƙe ni, na ce sai na gama gyaran takardu zan je in kai nata.

Ban kai ga zuwa ba. Wata safiya ina tsaye gaban allo ina rubuta wa yara darasi, sai na tuna tun jiya ban ji motsi ba. Shi da ke harbina duk lokacin da yara suka ɗaga murya. Na sa su maimaita karatu da ƙarfi, na dafa cikina ina saurare. Shiru. Na ajiye alli, na roƙi malamar ajin kusa ta duba mini su, na hau kabu-kabu zuwa likita.

Sauran ba na son tsawaita shi. Zuciya ta tsaya, in ji su. Aka sa mini naƙuda, na haifi abin da bai yi kuka ba. Ban gan shi ba. Inna ta naɗe shi a zanenta ta miƙa wa mijina a bakin ƙofa. Da na dawo hayyacina na tambaye ta mene ne.

"Bar tambayar nan," in ji ta. "In kika sani, fuska za ki yi masa, ki yi masa suna, ya hana ki barci. Wanda ya ba ki ya karɓi abinsa."

Mijina ma da na dube shi, ya sunkuyar da kai. Na gane sun gama magana tsakaninsu. Ban matsa ba, don a lokacin ba ni da ƙarfin ji. Amma na sa wa raina wani abu: aminiyata ta sani. Yana wurinta a ajiye. Ranar da na ji zan iya, zan je ɗakinta, mu rufe ƙofa, in ce gaya mini, mu yi kukanmu mu biyu. Da wannan tunanin na yi wankan jego a gidan Inna, ruwan zafi safe da yamma, nono yana zuba, babu mai sha.

Sau ɗaya ta zo gaishe ni. Ta zumbula babban hijabi don ya ɓoye cikinta, ta zauna a bakin gado kamar wadda ke jiran mota. Ta yi hawaye, ban ce na ƙarya ba ne. Ba a jima ba salularta ta yi ƙara, na ji muryar uwar mijinta tana cewa ta fito haka nan, mai ciki ba ta daɗewa a irin wannan ɗaki. Ta tashi ta tafi.

Gurup ɗin nan da ba ya barin mutum ya runtsa, ya yi tsit. Na ɗauka don ni suka dakatar da komai, har na ji nauyinsu. Daga baya na gane wani sabo suka buɗe babu ni.

Ban daɗe da komawa ɗakina ba ta kira ni. Ta yi ta kewaye-kewaye, ya jiki, ya ƙarfin hali, kafin ta zo kan magana.

"Ƙawa, kin san an riga an ɗinka anko, kuma baƙi za su zo daga Yamai. Ba yadda zan yi in fasa. Na koma eko da ƙanwata, yaron ya juya baya, ba a ga komai ba. Ke kaɗai kika sani. Don Allah ki gaya wa mai gato."

Na ce to.

"Kuma ba sai kin wahalar da kanki kin zo ba. Ki huta. Kowa zai fahimta."

Na sake cewa to.

Da na iya karɓar lambar matar in kira ta. Amma na gaji da kallon bango, sai na sa mayafi na taka da ƙafa. Na same ta a tsakar gida tana kaɗa ƙwai a roba, mace mai faran-faran, gari har a gira. Na yi sallama na ce aminiyata ce ta aiko ni kan maganar gato.

"Af, ke ce ɗayar? Ke ce mai namijin?" Ta ajiye robar ta kama haɓa. "Allah sarki, baiwar Allah. Na ji labari. Wallahi har kalar shuɗin na saya na ajiye, ga ta can a kan kanta. Allah ya mayar miki da mai albarka."

Na nemi wuri na zauna a kan wani benci. Ta ci gaba da zuba, ba ta san abin da ta yi ba. Ta ce duk matan da ke zuwa mata kan shirin fet ɗin suna ta jimami, ɗa namiji guda, ga shi har sun sayi kayansa, 'yan riguna da huluna duk shuɗɗa.

Na ce, "Su sun san namiji ne?"

"To ai ita ta gaya musu tun farko, don kada su sayo abin da ba zai yi ba. Ke kaɗai aka ce kada a bari ki ji." Sai a nan ta dubi fuskata da kyau. Ta ɗora hannu a baki. "Ba ki sani ba? Har yanzu?"

Na ce, "Nata mace ce. Ki sa ruwan hoda."

Ta kawo mini ruwa a kofi, ban sha ba. Na fito na bi lungu ina tafiya a cikin rairayi, ƙafata tana nutsewa. Ɗana ne. Matan wani biro da ban san sunayensu ba sun san shi. Mai gato ta san shi. An zaɓa masa hula a kasuwa, an yi ta hirarsa a salula tsawon watanni, ni uwarsa ina yawo da shi a ciki kamar 'yar aike.

Da mijina ya dawo daga aiki na tare shi tun bai cire takalmi ba. Na ce, "Namiji ne." Ya tsaya da jakarsa a hannu, ya tambaye ni wa ya gaya mini. Da na faɗa masa, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa yana kuka, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba. Ya ce yana da gashi, baƙi ƙirin, kuma yatsunsa dogaye ne irin nawa. Ya ce shi ma abin yana cin sa, ya rasa wanda zai gaya wa. Mun daɗe a wurin ba mu tashi ba.

An yi fet. Ban je ba, amma bidiyon ya iso ni, don wata ta ɗora shi inda kowa zai gani. Ga ankon da na taya zaɓa, ga balan-balan, ga ta a tsakiya tana yanka gato. Ruwan hoda ya fito, ta yi tsalle ta rungume na kusa da ita. Na kalla har ƙarshe.

Bayan kwanaki na je gidanta. Na ce mata ta rantse mini, ni kuma na riƙe nata ko mijina bai ji ba.

"Haba ƙawa, don ke fa na yi," in ji ta. "So nake a cika ki da kaya. Wa ya san abin da zai faru? Kuma ni na ɗauka a likita an gaya miki."

"Da kin tambaye ni."

"Ta yaya zan tayar miki da ciwo? Ke ma dai kin cika riƙo. Abu ya riga ya wuce."

Na tambaye ta ina kayan da aka saya. Ta ce wata a bironsu ta haifi namiji, sun ga bai kamata a bar su a banza ba.

Da ta haihu na je barka, don iyayenmu maƙwabta ne, rashin zuwana zai zama abin magana a unguwa. Na kai sabulu da turmin atamfa. Ɗakin cike yake da mata, jaririyar tana yawo daga hannu zuwa hannu. Da ta iso ga wadda ke gefena na gyara zama na buɗe hannuwa. Uwar mijinta ta taso daga inda take, ta karɓe ta, ta ce lokacin shan nono ya yi. Aminiyata tana kan gado tana gani. Ta ɗauki salula ta hau dubawa.

Na yi musu Allah ya raya, na nemi takalmana a cikin tarin da ke bakin ƙofa.

Yarinyar yanzu tana gudu ko'ina. In na je gaishe da Inna nakan gan ta a lungu an kawo ta wurin kakanninta, kyakkyawa da ita, ba ruwanta. Ni da uwarta muna gaisawa in mun haɗu, ina kwana, ina gajiya, ya maigida. Har yau ban sake samun ciki ba. Kwanan baya wata sabuwar malama a makarantarmu ta zo tana roƙona in taya ta shirya irin wannan fet, wai an ce mata na san kan abin. Na ce mata ina da gyaran takardu.